Yawon Keke Cikin Jama'a da Amfaninsa

A wurin yawancin mutane keke abin biyan bukata ne, na zuwa kasuwa ko kai saƙo. Amma akwai wani amfani nasa wanda ya kamata hakimai da magatakardansu su sani, watau haɗa zumunci tsakanin mutanen da ba su haɗa dangi ko sana'a ba.

Wannan al'ada ta daɗe a Ingila. Cikin shekarar 1878 wani ɗalibin likita, Stanley Cotterell, ya tara masu keke a garin Harrogate, suka kafa ƙungiyar yawon keke, wadda tun 2016 ake kiranta Cycling UK. Kekunan lokacin dogaye ne, masu wuyar hawa. Sai a 1885 aka ƙera irin wanda muka sani, mai ƙafafu daidai da sarƙa, a 1888 kuma Dunlop ya fito da taya mai iska. Daga nan mata da dattawa suka sami sauƙin shiga. Kafin ƙarshen 1899 'yan ƙungiyar sun kai wajen 60,000. Su ne suka riƙa kafa allunan gargaɗi a bakin gangara mai hatsari, suna kuma sa alama a masaukin da baƙo zai sami abinci da makwanci bisa kuɗi daidai. A 1894 ma'aikata a Birmingham suka kafa tasu mai suna Clarion, domin talaka ma ya sami abokan fita ran hutu.

Abin da ke riƙe wannan zumunci kuwa ka'ida ce. Akan sa jagora a gaba, a sa wani mai ƙarfi a baya. Na gaba in ya ga rami ko dabba sai ya yi magana, kowa ya faɗa wa na bayansa. In tayar wani ta fashe, duka a tsaya, wannan ya kawo faci, wancan ya kawo famfo. In an hau tudu, masu sauri su jira a bisa har na ƙarshe ya iso. Wanda ke gaba shi ke shan iska, na bayansa ya sami sauƙi ƙwarai, saboda haka akan yi karɓa-karɓa. Wanda aka jira yau, gobe shi zai jira wani.

Shaidar ƙarfin wannan abota tana ƙauyen Meriden. A 1921 masu keke suka tara kuɗi, suka gina dutsen tunawa da 'yan'uwansu da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, kuma ya zama al'ada su taru can cikin watan Mayu.

To, idan samari suka zo neman iznin kafa irin wannan ƙungiya, abin da ya kamata hakimi ya bincika shi ne: wane ne jagoransu, ko birkinsu na da kyau, ko za su komo kafin magariba, ko kuma sun yarda ba za a bar kowa a hanya ba. In ya gamsu, magatakarda ya rubuta wa dagatan da za su ratsa ƙasarsu, don a san da zuwansu, a ba su ruwa da inuwa. Ta haka yaran wannan gari za su san na wancan, gama zumunta a ƙafa take.