Amsoshin Tambayoyinku: Shin Ya Dace Yara Su Kalli Doraemon?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga ƙaramar hukumar Yankwashi ta Jihar Jigawa, manomi mai cin kasuwannin Kazaure da Babura, ya aiko yana cewa: "Na kai wayata shagon caji a Karkarna aka tura mini fina-finai. A ciki har da wani na zane, mai wata mage shuɗiya da ke zaro kayan mamaki daga aljihunta, tana ɗaukar wani yaro su koma zamanin kakanni. Yanzu yarana ba su da hira sai tata, har ƙaramin ya ce in kai shi ya ga mahaifina da ya rasu. Shin wannan abu ya dace da yara? Kuma da gaske ana iya komawa zamanin da ya wuce?"

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya, Allah kuma ya jiƙan mahaifinka. Bisa kwatancen da ka yi, wannan fim shi ne Doraemon, kuma daga ƙasar Japan ya fito. Wani mai zane da aka fi sani da Fujiko F. Fujio ne ya ƙago shi. An fara buga shi a mujallun yara a ƙarshen shekarar 1969, ya shiga talabijin a 1973, aka sake sabon shiri a 1979, sannan wani a 2005.

Magen da ka gani muzuru ne, kuma mutum-mutumi ne mai inji. A cikin labarin an ƙera shi a shekarar 2112. Jikan jikan wani malalacin yaro mai suna Nobita ne ya turo shi baya, domin ya gyara halin kakan nasa tun yana ɗan makaranta, kada zuriyarsu ta tashi cikin bashi da talauci. Kusan kullum labarin iri ɗaya ne. Nobita zai ƙi karatu ko ya sha duka a hannun abokinsa Gian, ya dawo gida da kuka, Doraemon ya ba shi wata na'ura. Shi kuma sai ya yi zarin amfani da ita, abin ya juye a kansa. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Game da tambayarka ta biyu, babu wanda ya taɓa komawa jiya, kuma babu injin da ke yin haka. Abin da masanin kimiyya Albert Einstein ya bayyana a 1905 shi ne, agogon abin da ke tafiya da matsanancin gudu yakan ɗan yi jinkiri. 'Yan sama-jannatin da suka yi watanni suna kewaya duniya ma, bambancin da suka samu bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Saboda haka ka zaunar da ƙaramin cikin lalama, ka gaya masa wannan tatsuniya ce, kakansa ya riga mu gidan gaskiya, addu'a ce ke isa gare shi. Ka ba shi labarin kakan da bakinka, ka nuna masa gonar da ya noma.

Ra'ayin ƙasashe ya bambanta a kan wannan fim. A 2008 ma'aikatar harkokin wajen Japan ta naɗa Doraemon jakadan al'adunta. Amma a 2013 gwamnatin Bangaladash ta hana nuna wanda aka juya zuwa harshen Hindi, don tsoron kada yara su bar harshensu. A 2016 wani ɗan majalisar lardin Punjab a Pakistan ya gabatar da ƙudurin neman a hana shi. A Amurka kuwa, da za a nuna shi a 2014, sai da aka yi masa gyare-gyare. Ka ga ke nan kowa da ma'auninsa ya auna.

To mu da wane mudu za mu auna? Labarin abin da ba zai yiwu ba ai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mun tashi muna jin Gizo yana magana, yana yaudarar Ƙoƙi, yana wawashe abincin jama'a, muna ta dariya. Littattafan Abubakar Imam, Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, cike suke da irin waɗannan abubuwan mamaki, an kuwa karanta su a makarantu shekara da shekaru. Amma ka tuna, tatsuniya da dare ake yin ta bayan an gama aiki, kaka ce ke bayarwa, in ta kai ƙarshe ta ce ƙurunƙus, kowane yaro ya san wasa ne. Ita waya ba ta da kaka, ba ta kuma san lokacin kiwo ko na makarantar allo ba. Wannan gurbin na kaka shi ne kai ko uwargida za ku cike.

Akwai abubuwa uku da za ku sa wa ido. Na farko, Nobita rago ne mai ƙorafi. Yaron da ya kalla shi kaɗai yana iya ɗaukar ragwancin ya bar darasin, don haka in an gama ku tambaye shi, me ya sami Nobita a ƙarshe? Na biyu, a wasu tsofaffin fitowa ana nuna yarinyar labarin, Shizuka, tana wanka, abin da ko a Japan ya jawo suka. Irin waɗannan sai a goge su. Na uku, akwai wata farfela da suke ɗorawa a ka su tashi sama. A ja wa ƙanana kunne kada wani ya gwada daga kan rumbu, katanga ko bishiya.

Har ila yau, ba kowane fim na zane ba ne na yara. Alal misali, Rick and Morty da aka fara a Amurka a 2013, zane ne na barkwanci, amma don manya aka yi shi, da zagi da zubar da jini a ciki. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1993, tana sa alamar G ga fim ɗin da kowa zai iya kallo, 18 kuma na manya ne kawai. Sai dai abin da ake turawa a memori galibi ba ya ɗauke da wata alama. Saboda haka kai ne hukumar tacewa a gidanka. Ka fara kallo kafin ka miƙa musu.

Batun lokaci kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

A taƙaice dai Malam, yaron da ya shiga firamare yana iya kallon Doraemon, in an tace, bayan ya gama karatu da aikin gida, da babba a kusa. Ɗan ƙaramin naka kuwa, a ɗan jinkirta masa har ya iya rarrabe wasa da gaskiya. Da fatan ka gamsu. A gaida mutanen Yankwashi, Roni da Gwiwa, sai mun sake ji daga gare ka.