Albashi Ya Tsaya, Katin Asibiti Fa?

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya ya san ranar da zai ajiye aiki tun ranar da ya kama shi: ko ya cika shekara 60 da haihuwa, ko ya yi 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta ne dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga wa zuwa 65 da 40. Amma in masu shirin ritaya suka haɗu a sakatariyar ƙaramar hukumar Batsari ko ta Safana a jihar Katsina, hirar ba ta cika wuce garatuti ba: yaushe zai fito, nawa zai kama, gona za a saya ko shanun huɗa. Da wuya wani ya tambayi makomar katinsa na asibiti. Alhali katin nan da albashi aka ɗaure shi. A tsarin ma'aikatan tarayya, da sunan mutum ya fita daga takardar albashi inshorarsa ta kama hanyar ƙarewa, kuma hakan yana zuwa ne a shekarun da hawan jini, ciwon suga, yanar ido da ciwon gwiwa suke fara sallama.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. A ƙauye irin Darini, ko Wagini, ko Runka, aljihun nan a da turke ne da rumbu. Ciwo ya taso, a kai rago kasuwa, ko a auna gero. Sai ga 'yan bindigar dajin Rugu sun kwashe dabbobin gidaje da yawa, sun hana noma gonakin nesa, wasu ma sun sa su barin garuruwansu. Aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi. A watan Agustan shekarar kamfanin magunguna na GSK ya ce zai tattara nasa ya nasa daga Najeriya, darajar naira ta faɗi, farashin magani a kemis ya yi tashin gwauron zabi. Dattijon da yake shan ƙwayar hawan jini kullum ya fi kowa jin wannan a jikinsa, domin nasa ciwon ba a warkewa a huta, rainonsa ake yi har ƙarshen rayuwa.

Inshorar lafiya tana kama da adashi ta fuskar zubi, sai dai a nan ba a bin layi wajen kwasa: wanda ciwo ya kayar shi ne ke ɗauka, wanda ya shekara lafiya ƙalau kuwa zubinsa ya tafi ga wani. Akwai dattawan da suke ɗari-ɗari da abin saboda abin da suka ji malamai na faɗa kan inshorar 'yan kasuwa, wadda ake tuhuma da riba da rashin tabbas. Tsare-tsaren jihohin Arewa irin su Kano da Katsina an gina su ne a kan taimakekeniya, asusu guda na jama'a wanda ba wani mai hannun jari da yake jiran rarar da ta rage. Mai shakka yana iya kai takardun tsarin wajen malamin da ya yarda da shi kafin ya sa hannu, hakan ya fi a ƙi abu a kan jita-jita.

Tsarin tarayya ya samo asali ne daga dokar 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005 zamanin Olusegun Obasanjo da sunan NHIS, kuma shekara da shekaru kusan ma'aikatan tarayya kaɗai suka ci moriyarsa. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, inshorar lafiya ta zama wajibi a kan kowa, a takarda dai. Ƙofar da ta fi dacewa da mai ritaya a nan ita ce shirin GIFSHIP da aka buɗe a 2020, wanda mutum zai shiga shi kaɗai, ko da iyalinsa, ko cikin ƙungiya, ba ruwansu da ko yana da albashi. An fara shi a kan naira 15,000 ga kowane mutum a shekara ga masu shiga a ƙungiyance, daga baya aka ƙara kuɗin. Ƙungiyar 'yan fansho ta ƙaramar hukuma, ko ta tsofaffin malamai, ko ta manoman rani, tana iya yi wa 'ya'yanta rajista a dunƙule, kuma koke daga ƙungiya ya fi na mutum ɗaya nauyi ranar da asibiti ya yi wasa.

Jihar Katsina tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, KTSCHMA, wadda aka kafa da dokar 2018 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Mafi yawan ma'aikatan da ke Batsari da Safana, wato malaman firamare, ma'aikatan lafiya da na sakatariya, na jiha ne da ƙaramar hukuma, don haka da wannan hukuma suke hulɗa. Tambayar da ya kamata mai shirin ritaya ya kai ofishinta, kuma ya nemi amsa a rubuce, ita ce: bayan albashin ƙarshe, katina zai ci gaba da aiki? In zai ci gaba, daga fansho za a riƙa cira, ko ni zan riƙa biya a shekara? Amsar baki a bakin taga ba ta tsaya wa mutum ranar da aka kwantar da shi.

Mafi yawan dattawan Darini kuwa ba su taɓa karɓar albashi ba. Ritayar manomi ita ce ranar da ƙarfi ya ƙare. Irin waɗannan aka yi wa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, aka fara sa shi a kasafi a 2018. Da kuɗin ake biya wa marasa ƙarfi, ciki har da tsofaffi, mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ta hannun hukumar jiha, a asibitin da aka keɓe a kowace mazaɓa. Katsina tana da mazaɓu 361. Rajistar kyauta ce, amma guraben ƙidayayyu ne, kuma ana neman lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Tsohon da ba shi da ita gara 'ya'yansa su kai shi a yi masa tun yana iya hawa babur.

Kamfanoni masu zaman kansu irin su Hygeia, AXA Mansard da Reliance su ma suna nan. Galibi tsarinsu na yau da kullum yana da iyakar shekaru, na tsofaffi daban yake kuma ya fi tsada, sukan kuma jinkirta ɗaukar nauyin ciwon da mutum ya shigo da shi. Asibitocinsu a manyan birane suka taru. Wanda zai yi zaman ritayarsa wajen ɗansa a Abuja ko Kano yana iya dubawa. Mazaunin Safana kuwa kuɗin mota kaɗai zai cinye amfanin.

A ra'ayin mai wannan rubutu, kuskuren da aka fi yi shi ne fara zaɓi daga farashi. Daga asibiti ya kamata a fara, da hanyar da za ta kai mutum can. A tsarin gwamnati kowa yana zaɓen asibiti guda da zai zama nasa na farko, sunansa yana cikin rajistar wurin, kuma ana biyan asibitin wani ƙayyadadden kuɗi a kansa kowane wata, ya zo ko bai zo ba. Ma'aikacin da ya yi rayuwar aikinsa a birnin Katsina ya zaɓi asibitin kusa da ofis, sannan ya yi ritaya ya koma gida Ruma, katinsa yana can birni in bai nemi a sauya masa ba. Jininsa ya hau da tsakar dare, a yankin da ba kowa yake yarda ya fito hanya bayan magariba ba, katin bai amfane shi da komai ba. Mutumin Safana sau da yawa Dutsin-Ma ta fi masa sauƙin kaiwa. Sai ya tambaya ko asibitin da yake so yana cikin jerin hukumar, ko akwai ma'aikaci da yake kwana, ko suna da na'urar awon jini da ta suga, da abin gwajin da ake sa mata.

Abin da ya fi ƙarfin asibitin farko sai an tura mutum gaba, zuwa babban asibiti ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda a da ake kira FMC kafin a ɗaga darajarsa a 2022. Turawar tana buƙatar takarda, da lambar izini daga masu riƙe da asusun, kuma ta waya ake neman lambar. Mutanen yankin ba su manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, da Batsari da Safana a ciki, aka yi watanni babu sabis. Ko yanzu akwai ƙauyukan da sai an hau tudu. Saboda haka tambayar yadda ake yi da mai buƙatar gaggawa in ba a samu lambar ba tambaya ce ta haƙiƙa, kuma a san amsarta tun ana lafiya.

Sai maganar magani, inda yawancin ƙorafi yake. A tsarin tarayya majinyaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da aka rubuta masa, in dai yana cikin jerin magungunan hukumar. Amma kalmar da masu kati suka fi ji a faɗin ƙasar ita ce "babu, je ka saya a waje". Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin da ake ba asibiti a kan kowane mutum ya shekara fiye da goma yana naira 750 a wata, alhali farashin komai yana hawa, sai a 2024 da 2025 aka ƙara shi. Asibitin da ake biya kaɗan ba ya ɗokin ganin tsoho mai zuwa kowane wata. Abin da mai hankali zai yi shi ne ya kwashi kwalayen magungunan da yake sha, amlodipine ne ko metformin ko insulin, ya je ɗakin magani na asibitin da yake son zaɓa ya tambaya ɗaya bayan ɗaya ko ana ba masu kati. Ya kuma tambayi 'yan fansho biyu ko uku da suka riga shi shiga. Su ne za su faɗa masa gaskiyar da ba ta cikin takardar talla. Mai allurar insulin yana da ƙarin lissafi, domin zafi yana lalata ta, kuma ba kowane asibitin ƙauye ne yake da firijin da ke aiki ba.

Babu tsarin da yake ɗauke komai. Kwanakin kwanciya a shekara suna da iyaka. Wankin ƙoda 'yan zuwa kaɗan ake biya, alhali mai ciwon ƙoda da ya yi nisa yana buƙatarsa sau biyu ko uku a mako. Manyan hotuna irin na ƙwaƙwalwa ana raba kuɗinsu da majinyaci, maganin ciwon daji shi ma ba duka ake ɗauka ba. Dattijo ya tambaya musamman a kan aikin yanar ido, aikin ƙaba, matsalar fitsari da ke damun maza in shekaru sun ja, da gashin ƙashi bayan shanyewar ɓarin jiki. Wani ɓangare na garatuti, ko da kaɗan ne, ya kamata ya zauna a gefe saboda waɗannan.

An zana tsarin ma'aikata ne da wani irin gida a zuciya: miji, mata ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Gidan malam mai mata biyu, 'ya'ya goma sha, da gyatuma a ɗakin tsakar gida bai shiga wannan awo ba. Sauran sai an biya musu daban. Kuma a ƙasar nan ba abin mamaki ba ne mutum ya yi ritaya yana da ɗan yaye. In kuɗi ba za su isa kowa ba, a fara da masu ciwon da ba ya rabuwa da su da kuma mai juna biyu, sannan a nemi wa tsofaffi da ƙananan yara gurbi a asusun marasa ƙarfi. Uwargida tana buƙatar kati da sunanta, domin mata da yawa suna riskar takaba, kuma katin da ya rataya a sunan maigida yakan bi shi.

Hausawan zangon Kumasi da na Nima a Ankara sun san wani salo daban. Tun dokar 2003 Ghana ta yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama da masu karɓar fanshon gwamnati kuɗin zubi na shekara. Tsarin nasu ma yana fama da jinkirin biyan asibitoci, amma ba ya sakin mutum ranar da ya ajiye aiki. Abu ne da ƙungiyoyin 'yan fansho a Katsina za su iya riƙewa a matsayin buƙata, maimakon tsayawa kan bashin garatuti kawai.

Kafin a kai can, lokaci shi ne abin lura. Sabuwar rajista ba ta fara aiki nan take, akwai jiran da yakan kai wata biyu ko uku kafin suna ya isa asibiti. Fansho shi ma yakan yi jinkiri bayan albashin ƙarshe. Wanda ya bari sai ya ajiye aiki sannan ya fara neman tsari zai iya samun kansa wata da watanni ba albashi, ba fansho, ba kati. Wata shida kafin ranar ya dace a fara zirga-zirgar, kuma a biya kuɗin shekarar farko daga albashi tun yana shigowa. 'Ya'yan da ke aiki a birni, masu aiko da kuɗi duk lokacin da aka buga waya an ce Baba ba lafiya, za su kashe ƙasa da haka in suka haɗa suka biya na shekara gaba ɗaya. Mutum ɗaya a cikinsu ya riƙe rasit da kwafin katin, ya rubuta ranar sabuntawa. Manomi kuwa ya daidaita tasa ranar da kaka, lokacin da akwai abin sayarwa a gida, domin katin da aka bari ya mutu yana iya sa a koma jira daga farko.