Kala ko ƙamshi: Abin da ke kai kifi ga ƙugiya a Binuwai da Lagdo

Duk ɗan kasuwar da ke kasa kayan kamun kifi a Garwa, ko a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi, ko a Gashiga da Belel da Gurin, ya san cewa rabin jarinsa a cikin ruwa yake kwana. Da yawa daga cikin masunta ba sa biyan ƙugiya da zare da dusa nan take, bashi suke ɗauka su biya da banda idan Allah Ya kawo kamu. Idan ƙoton da aka sa bai ja kifi ba, masunci ya yi asarar dare guda, mai kaya kuma ya ci gaba da zaman jira. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu duba wata haja da ta fara shigo mana, wasu ta hannun masu saro kaya daga ƙasar Sin, wasu ta tallan Facebook da TikTok, wato 'yan kwalabe na ruwan ƙamshi da ƙananan dunƙulen ƙoto ja da ɗorawa da kore, waɗanda ake cewa kifi ba ya iya wuce su. Akasarinsu an buga musu hoton wani ƙaton kifi da sunan "karp" a jiki.

To daga wannan suna ma matsalar ta faro. A bakin mai jin Faransanci a Kamaru, idan ya ce "karp" karfasa yake nufi, wadda ake gasawa da yamma a bakin titunan Garwa. Amma kifin da aka zana a jikin kwalbar wani ne daban, ɗan asalin Turai da Asiya, mai kauri da gajeren gashin baki, mai tonon laka yana neman abinci. A yankinmu sai dai a tafkunan kiwo, kamar gonar kifi ta Panyam a Jihar Filato da aka kawo shi tun shekarun 1950, da kuma tuddan yammacin Kamaru masu sanyi. Danginsa na kusa a Binuwai shi ne dumi, fari da baƙi, shi kuwa dumi kankarar gansakuka yake yi a jikin duwatsu da itatuwa, raga ta fi kama shi a kan ƙugiya. Ke nan wanda ya saro kwalbar don ya ga an rubuta "karp", ya saro maganin da aka haɗa wa wani majinyaci ne.

Yana da kyau mai karatu ya san inda wannan haja ta samo asali. A Ingila akwai masu kamun wannan kifi don nishaɗi, su auna nauyinsa, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 wani daga cikinsu mai suna Fred Wilton ya yaɗa ra'ayin cewa kifi yana gane abinci mai gina jiki kuma yana komawa gare shi, aka riƙa kwaɓa gari da ƙwai ana tafasawa don bayansa ya yi tauri, ƙananan kifi su kasa tsattsage shi. Daga baya kamfanoni suka shigo da kala da ƙamshi iri-iri, har da na 'ya'yan itatuwa. Sun yi hakan ne saboda kifin da aka kama aka saki yana yin wayo. Wani mai bincike ɗan ƙasar Holan, Beukema, ya nuna a 1970 cewa irin wannan kifi idan ƙugiya ta taɓa shi sau ɗaya, yana wuyar sake kamuwa ko bayan shekara guda. Bahaushe ya riga ya faɗa, kifi na ganinka mai jar koma. Sai dai a Lagdo wanda ya hau ƙugiya ba ya komawa ya yi wayo, banda yake zama. Kuma Bature ƙugiya biyu ko uku yake jefawa, masuncinmu kuwa ɗaruruwa yake jerawa a igiya ɗaya, don haka ƙoton da ya fi kuɗin kifin da zai kamo ba shi da amfani gare shi ko da yana aiki.

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne yadda kifi ke sansano abinci. Hujojin hancinsa ba na numfashi ba ne, ruwa ne ke shiga ta ɗaya ya fita ta ɗaya, yana karanta abin da ya narke a ciki. Hancin ɗan Adam kuwa abin da ya tashi a iska yake ji. Saboda haka ɗan kasuwar da ya buɗe kwalba ya shaƙa ya ce lallai wannan da ƙamshi, bai gwada komai ba tukuna. Abin da masana suka tabbatar yana motsa yunwar kifi shi ne sinadaran da ke fita daga nama da jini da tana da hatsin da ya jiƙa, waɗanda suke narkewa su bi ruwa. Turare mai maiƙo sama yake tasowa ya bar ƙoton a ƙasa. Gwajin ba shi da wuya: a ɗiga kaɗan a kofin ruwa, idan ya taso ya yi ido-ido kamar man gyaɗa a kan miya, to a sani ba zai yi nisa a ƙarƙashin kogi ba.

Tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa su ne suka fi kowa dogaro da wannan. Abin da harshe ke yi mana, su gashin bakinsu ke yi musu, tarwaɗa ma har fatar jikinta tana ɗanɗano, ga shi kuma da dare suka fi kiwo. Wanda ke cin abinci cikin duhu a ƙasan laka ina ruwansa da ja ko kore? Shi ya sa tana da hanjin kaji da yankakken kifi da gara ba su taɓa tsufa ba. Shi ya sa kuma sabulun wanki ya samu gurbi a igiyar masunta daga Binuwai har Neja: kitse ne a cikinsa, yana narkewa sannu a hankali, yana iya kwana a ƙugiya, kuma ƙananan kifi ba sa cinye shi da wuri. Abin dariya ma, har a kudancin Amurka masu kamun dangin tarwaɗa suna sa sabulu. Amma sabulun da ake so shi ne na wanki zalla, mai yawan turare na wanka ba ya wannan aiki, kuma mai shagon da ya san haka ba zai tura wa masunci wanda ya fi tsada ba.

Ita kuwa karfasa, wadda ita ce rufin asirin Lagdo, ganye-ganye da gansakuka da ƙananan halittun ruwa take ci, kuma raga da birgi da gura ne suka fi kawo ta. A nan ƙoto yana nufin abin da ake sakawa cikin gura, irin tarkon nan da masunta 'yan Mali suka yaɗa a tafkin Chadi da sauran ruwayenmu. Dusar masara ko ta shinkafa ko ta dawa ake kwaɓawa a dunƙula, wasu su haɗa da laka don kada ta watse nan da nan, wasu su ƙara garin ƙuli-ƙuli, wasu kuma su bar hatsin ya kwana a jiƙe ya yi tsami. Dukansu abu ɗaya suke nema, wato dunƙulen ya riƙa sakin ɗanɗano kaɗan-kaɗan, ruwa ya ja shi kamar hayaƙi, kifi ya biyo har cikin tarko. Kuma duk kayan haɗin a ƙofar gida suke. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma hedikwatarsa ke nan Garwa, yana fitar da tunkuzar angurya bayan an tatse mai. Dusar shinkafa tana fitowa daga gonakin noman rani na Lagdo da na Yagwa da Maga. Ƙuli-ƙuli kuwa ba a tambayar inda yake.

A nan ne ɗan kasuwa ke da laifi ko lada, domin ƙoto mai kyau yakan lalace tun kafin ya isa bakin ruwa. Mun sha ganin buhunan dusa an ɗora su mota ɗaya da jarkokin man zuwa-zuwa, ko an jingine su a shago kusa da kananzir da maganin feshin auduga. Dusa tana shan wari kamar yadda auduga ke shan ruwa, kuma halittar da ke gane abin da ya narke a kogi ba za ta kasa gane fetur ba. Haka ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna ko ya daɗe har mansa ya juya. Idan masunci ya dawo ya ce kayanka ba sa kamu, kafin ka ce ruwa ne bai ba shi ba, ka fara shinshina buhunka.

Kada a ɗauka muna cewa kala ba ta da wani tasiri. Tana da shi, amma sai inda ido ke aiki. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982, bayan 'yan Sin sun fara gina ta a 1977 kimanin kilomita 50 daga Garwa, muna da ruwa iri biyu. A tafkin, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 586, laka tana kwantawa da rani ruwan ya yi haske. A kogin kuwa, musamman daga inda Mayo Kebbi ke zubowa da damina, ruwan kan koma kamar kunun kanwa, wanda ko hannunka ka tsoma kamu ɗaya ba za ka ga yatsunka ba. A ruwa mai haske ja ne ke fara ɓacewa, bayan 'yan mitoci kaɗan sai ya koma duhu-duhu, ɗorawa ta ɗan fi shi nisa, shuɗi da kore su fi kowa. A ruwan laka kuwa duk kalar da aka zuba ba ta wuce tsawon hannu. Abin da kifi ke fara gani shi ne bambanci: fari ko ɗorawa a kan baƙar laka, ko baƙi idan ya ɗago yana kallon hasken sama. Ƙwayar masara ɗanya tana yin abin da dunƙulen ɗorawa na kwalba ke yi, kuma ba a biyan kuɗin kwastan a kanta.

Masu farauta da ido su ne giwan ruwa, wanda ake kira kafiten a Garwa, da tsage. Waɗannan motsi da walƙiya suke bi, kuma suna jin girgizar ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsu tun kafin su ga abin. Ƙaramar kawara ko karfasa mai rai ita ce ƙoton giwan ruwa, tsage kuwa yakan afka wa ƙarfe mai sheƙi irin na cokali idan ana jan sa. Turawan da ke zuwa kogin Faro don kamun giwan ruwa da faɗuwar rana zuwa dare suke nemansa, lokacin da girman ƙoto da motsinsa suka fi kalarsa aiki. Idan har akwai hajar waje da ta cancanci jarin ɗan kasuwa, to wannan cokalin ne da kifin roba, tare da 'yar wayar ƙarfe da ake ɗaurawa gaban ƙugiya, domin haƙoran tsage ba sa barin zare. Ko su ɗin ma masu sayensu ba su da yawa, kada a cika shago da su.

Akwai kuma wata kwalbar da ake saidawa a ɓoye da sunan maganin jawo kifi, alhali guba ce. Tun zamanin Gamalin 20 ake wannan ta'asa, daga baya aka koma ga ragowar maganin feshin auduga. Ba jawo kifi yake yi ba, kashe shi yake yi, babba da ƙarami da ƙwai, sannan ya bi ruwan da mutane da shanu ke sha. Yarjejeniyar Stockholm ta sa sinadarin da ke cikin Gamalin a jerin abubuwan da aka hana a 2009, kuma tun dokar 1994 Kamaru ta haramta kamun kifi da guba. Ban da alhakin rayukan da ke wuyan mai sayarwa, akwai lissafin kasuwa: kifin guba yana saurin ruɓewa, bandarsa ba ta daɗewa, kuma idan aka ce kwandon wane ya kwantar da mutane a Jimeta ko Mubi, ba shi kaɗai za a daina saye a hannunsa ba, duk mai kawo bandar Lagdo sai abin ya shafe shi. Muna ganin shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan ruwa sun fi jami'an ma'aikatar kiwo da kamun kifi sanin masu wannan sana'a, kuma sun fi su ikon hana ta idan sun so.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ke cinye jarin sababbin shiga. Hukuma kan rufe kamun kifi a tafkin Lagdo daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba don kifi ya hayayyafa. Wanda ya tara dusa da ƙuli-ƙuli a watan Yuni, danshin damina zai cinye su kafin a buɗe ruwa, gara ya saro a ƙarshen Satumba. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Janairu, ruwa kan yi sanyi, karfasa ta rage ci, ƙoto mai maiƙo ya daskare ya ƙi sakin ɗanɗano, a lokacin dusa mai tsami da tana suka fi tafiya. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ya kankama ruwa ya ja baya, kifi kan taru a gurbi masu zurfi ya buɗe baki, kuma a wannan tsakanin ne akasarin bashin da aka ɗauka a Oktoba ke fita.