Casino Royale da Daniel Craig: Yadda Ake Gadon Sunan James Bond

Fim ɗin leƙen asiri wani nau'i ne na fina-finan faɗa wanda jaruminsa ma'aikacin gwamnati ne da ke aiki a ɓoye, yana sauya suna da kama domin ya gano abin da abokan gaba ke ƙullawa. A cikin wannan nau'in babu sunan da ya kai na James Bond daɗewa, jami'in hukumar leƙen asirin Birtaniya ta MI6 mai lamba 007, wanda marubuci Ian Fleming ya ƙago a littafinsa na farko, Casino Royale, a 1953, bayan shi kansa ya yi aiki a sashen asirin sojan ruwan ƙasarsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun fim na farko, Dr. No na 1962, sunan yana nan daram, masu ɗaukar sa ne ke sauyawa: Sean Connery, George Lazenby, Roger Moore, Timothy Dalton, Pierce Brosnan, sannan Daniel Craig a matsayin na shida.

Suna ya fi mai shi tsawon rai ba baƙon abu ba ne ga mutumin Arewa. A Lugu, ƙauyen da ke cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari a Nijar, Sarauniya sarauta ce da wata ke gada daga wata, amma idan an ambace ta a waje, Mangu ake tunawa, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, wadda kuma Med Hondo ya yi fim a kanta a 1986. Duk wanda ya hau gadon wani, da na gabansa ake auna shi, kuma haka aka yi wa Craig tun ranar da aka bayyana sunansa a watan Oktoba na 2005. Jaridun Ingila da wasu masoya Bond sun ce gashinsa ya yi fari, tsayinsa bai kai ba, fuskarsa kuma ta ɗan dambe ce, ba ta mai shiga fadar manya ba, har wasu suka yi kiran a ƙaurace wa fim ɗinsa na farko a matsayin Bond, Casino Royale, tun kafin a gama ɗaukar sa.

Kamfanin Eon da ya shirya fim ɗin, ƙarƙashin Barbara Broccoli da Michael G. Wilson, ya ɗora aikin a hannun darakta Martin Campbell, wanda shi ne ya gabatar da Brosnan a GoldenEye a 1995, kuma dabarar da suka yi ita ce mayar da labarin tushensa. Fim ɗin, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2006, yana buɗewa da hoton baƙi da fari a birnin Prague, inda ake nuna kisa biyu da suka ba Bond lambarsa, domin sifiri biyun da ke gaban bakwai na nufin izinin kashewa ba tare da jiran umarni ba. Mugun labarin, wanda 'yan kallo ke kira bos, shi ne Le Chiffre, mai ajiye wa 'yan tawaye da 'yan ta'adda kuɗi, wanda Mads Mikkelsen ya fito a matsayinsa. Ya ɗauki amanar mutane ya zuba a kasuwar hannun jari, yana sa ran darajar wani kamfanin ƙera jiragen sama za ta faɗi idan an tarwatsa sabon jirginsa a Miami. Da Bond ya warware makircin, sai ya wayi gari da asarar fiye da dala miliyan 100, ga masu kuɗi suna nemansa. Wannan ce ta sa ya shirya gasar cacar karta a Montenegro, hukumar Bond kuma ta tura shi ya cinye shi, tare da Vesper Lynd, ma'aikaciyar baitulmali mai kula da kuɗin gwamnati, wadda Eva Green ta taka.

Halin sabon Bond ya bayyana ne a tseren Madagaska. Wanda ya fito a matsayin mutumin da yake bi, Sébastien Foucan, gwani ne a wasan parkour, wato gudu da tsallake katanga da rufin gini ba da wani kayan aiki ba. A wani gini da ba a ƙarasa ba, Foucan ya lanƙwasa jikinsa ya sulale ta wata 'yar kafa a saman bango, shi kuwa Bond da ya iso, sai ya sa ƙirji ya fasa bangon ya wuce cikin ƙura. Daƙiƙu kaɗan ne, amma sun isa su nuna mutum mai ƙarfi da taurin kai wanda bai riga ya goge ba. Haka nan bayan mummunan faɗan da aka yi a matakalar otal, an nuna shi gaban madubi yana wanke jini yana sauya riga, daga baya kuma ya tarar da Vesper zaune ƙarƙashin ruwan shawa da tufafinta, jikinta na rawa, ya zauna kusa da ita shi ma da nasa, ya ƙara wa ruwan ɗumi. Bond na zamanin Moore da wuya kwalar rigarsa ta karkace, amma wannan ana sa masa guba har zuciyarsa ta tsaya, ana ɗaure shi a kujera a yi masa dukan igiya, yana kuskure, yana kuma kamuwa da soyayyar da ta ƙare da mutuwar Vesper a Venice. Ko Q, mai ƙera masa na'urorin mamaki, ba a sa shi a fim ɗin ba.

Fim ɗin bai rasa aibi ba. Tsawonsa minti 144 ne, kuma zaman teburin caca yana iya gundurar wanda bai san dokokin poker ba, wasan da aka musanya da baccarat na littafin domin shi ne yayi a lokacin. Mai kallo na Afirka kuma zai lura da yadda aka nuna nahiyarsa: sansanin 'yan tawaye cikin laka a Mbale ta Yuganda, taron jama'a suna caca a kan faɗan maciji da tunku, da ofishin jakadancin wata ƙasa da babu ita a taswira. Madagaskar ma a Bahamas aka ɗauke ta, kuma ɗan wasa mai nauyi kamar Isaach de Bankolé, haifaffen Abijan, rawar madugun 'yan tawaye mai adda kawai aka ba shi.

Duk da haka kasuwa ta yanke hukunci, domin fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 600, Craig kuma ya zama Bond na farko da aka sa cikin jerin masu neman kyautar BAFTA ta gwarzon ɗan wasa. Sai a daƙiƙar ƙarshe ya furta sunansa a salon nan da aka san Bond da shi, kamar an jinkirta naɗin ne har sai ya biya kuɗinsa da jini. Ya ƙara fina-finai huɗu, daga Quantum of Solace na 2008 zuwa No Time to Die na 2021. A gidajen kallo na ƙasar Hausa akwai dokar da ko yaro ya haddace, cewa akta ba ya mutuwa, kuma fina-finan Bond sun kiyaye ta shekara 59. Raunin da Casino Royale ya sa wa jarumin ne ya buɗe hanyar karya ta, domin a fim ɗin 2021 Bond na Craig ya mutu, amma a ƙarshen jerin sunayen ma'aikata aka rubuta cewa James Bond zai dawo.