Kunna TalkBack, ka rufe ido, ka ga ko wayarka za ta yi maka aiki

Manhaja ta farko da na rubuta, wani abokin yayana makaho ne ya nuna min aibinta. Na miƙa masa waya ina jin kaina, ya kunna TalkBack, wato manhajar Android mai karanta abin da ke kan allo da murya. Ya ɗora yatsa a nan, wayar ta ce maɓalli. Ya matsa gaba, ta sake cewa maɓalli. Maɓallai biyar, ba wanda ta faɗi aikinsa, domin hotuna kawai na sa ban ba su suna ba. Gyaran bai ɗauke ni minti 20 ba. Ban dai taɓa tunanin mutum irinsa zai riƙe abin da na ƙera ba.

Wannan matsala tana da magani da ake kira tsari na kowa da kowa. Wanda ya yaɗa sunan shi ne Ronald Mace, mai zanen gine-gine ɗan Amurka da shan inna ta kama yana yaro, ya rayu a kan keken guragu. A 1997 shi da abokan aikinsa a jami'ar jihar North Carolina suka fitar da ƙa'idoji 7. Gundarinsu shi ne, tun daga zanen farko a yi abu yadda kowa zai iya amfani da shi, maimakon a gama gini sannan a liƙa wa nakasassu wata ƙofa ta bayan gida.

Misalin da aka fi kawowa shi ne gangarar da ake yi a bakin titi. Don masu keken guragu aka yi ta, amma yau mai tura baro, tsohuwa mai ciwon gwiwa da matafiyi mai jan akwati duk ta nan suke bi.

Haka abin yake a waya. Rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo don kurame aka ƙirƙiro shi, ga shi kai ma da shi kake kallo a cikin adaidaita idan hayaniya ta yi yawa. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, tana da kundi mai suna WCAG tun 1999. A ciki an ce bambancin hasken rubutu da na bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Masu raunin gani aka duba, amma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta rubutu ruwan toka a kan fari cikin ranar azahar ya san amfanin wannan. Ni kam masu zanen da ke ganin rubutu dishi-dishi shi ne gayu suna ba ni haushi. Akwai kuma ɗan bayanin da ake rubuta wa hoto: makaho yana jin sa da murya, kai kuma kana iya ganinsa a gurbin hoton idan netwok ya ƙi buɗe shi.

A aji ma haka ne. Malamin da ya rubuta darasi a allo, ya karanta da baki, ya kuma tura muryarsa a WhatsApp, ya taimaki ɗalibin da ba ya gani sosai da wanda zazzaɓi ya hana zuwa makaranta. A Najeriya kuwa, dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Wa'adin ya wuce, sai ka duba matakalar makarantarku ka ba kanka amsa.

Idan za ka gwada, shiga Settings, sai Accessibility, sai TalkBack. Masu iPhone kuma VoiceOver ne nasu. Amma a kula, da zarar ka kunna, taɓawa ɗaya zaɓe take yi kawai, sai ka taɓa sau biyu abu zai buɗe, kuma da yatsu biyu ake jan allo a Android. Da yawa suna ruɗewa su ɗauka wayar ta lalace. Ka koyi yadda ake kashewa tukuna, sannan ka rufe ido ka gwada tura wa wani katin waya ta manhajar bankinka.