BABI NA UKU: CINIKIN KWANTIRAGIN ZAƁI A KAN GIƁIN FARASHI BAYAN RAHOTON RIBA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kasuwar hannayen jari da yadda ake ciniki a cikinta. Wannan babi kuwa zai dubi wani nau'in ciniki da ya shahara a kasuwannin Amurka, wato sayen kwantiragin zaɓi a lokacin da farashin hannun jari ya yi tsalle bayan kamfani ya fitar da rahoton ribarsa. Za a kawo ma'anar giɓi da ta kwantiragin zaɓi, da yadda masu nazarin zanen farashi ke karanta giɓin, sannan a nuna dalilin da ya sa ɗan kasuwa kan canki inda farashi zai nufa daidai, amma duk da haka ya tashi da asara.

3.1 Ma'anar Giɓin Farashi

A shekarar 1970 hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka, wato SEC, ta wajabta wa kamfanoni bayyana halin da kuɗinsu ke ciki duk bayan wata uku. Galibin kamfanoni kan fitar da rahoton ne kafin kasuwa ta buɗe da ƙarfe 9:30 na safe, ko bayan ta tashi da ƙarfe 4:00 na yamma, agogon Niyok. Idan rahoton ya saɓa wa abin da ake tsammani, sai farashi ya buɗe nesa da inda ya kwana. Wannan fili da ke bayyana a zanen farashi shi ake kira giɓi.

Alal misali, ranar 2 ga Fabrairu, 2022, hannun jarin kamfanin Meta, mai Facebook, ya kwana a kan dala 323. Da maraicen ranar rahoto ya nuna cewa masu shiga Facebook kullum sun ragu a karon farko. Washegari sai farashin ya buɗe ƙasa da dala 250, ya kuma yini da faɗuwar kimanin kashi 26 cikin ɗari. Darajar kamfanin ta ragu da fiye da dala biliyan 230 a rana guda.

3.2 Kwantiragin Zaɓi

Kwantiragin zaɓi yarjejeniya ce da ke bai wa mai ita damar saye ko sayar da hannun jari a kan ƙayyadadden farashi kafin cikar wani wa'adi, ba tare da an tilasta masa ba. Iri biyu ne: zaɓin saye, wanda ke amfanar mai shi idan farashi ya hau, da zaɓin sayarwa, wanda ke amfanarsa idan farashi ya faɗi. A Amurka kwantiragi ɗaya kan ƙunshi hannun jari 100. Kasuwar CBOE ta birnin Shikago ce ta fara wannan ciniki a tsare a watan Afrilu 1973, da zaɓin saye a kan kamfanoni 16, aka ƙara zaɓin sayarwa a 1977.

Kuɗin da ake biya don samun wannan dama ya yi kama da kafin alƙalami, domin idan mai saye ya fasa, kuɗin ya tafi ke nan. Sai dai shi ba a lissafa shi cikin kuɗin kaya ko da cinikin ya faɗa. Amfaninsa a lokacin giɓi a bayyane yake. Mai riƙe da hannun jarin Meta da ya bar umarnin a sayar masa idan farashi ya sauka dala 310, ba a sami mai saye a wannan farashi ba da kasuwa ta buɗe. Shi kuwa mai zaɓin saye, asararsa ba ta wuce abin da ya biya ba.

3.3 Yadda Ake Karanta Giɓi

Edwards da Magee (1948), a littafinsu kan nazarin zanen farashi, sun kasa giɓi gida huɗu:

(a) Giɓi na gama-gari, wanda kan cike cikin 'yan kwanaki.
(b) Giɓin ɓallewa, inda farashi ke ƙetare iyakar da ya daɗe yana kai-kawo a cikinta.
(c) Giɓin tsakiyar tafiya, mai nuna cewa hawa ko saukar za ta ci gaba.
(d) Giɓin gajiya, wanda kan zo a ƙarshen doguwar tafiya, dab da juyawar farashi.

Don tantance wanne ne a gabansa, manazarci kan duba yawan hannayen jarin da aka yi cinikinsu a ranar, da ko giɓin ya ƙetare iyakar da farashi ya saba tsayawa, da kuma abin da ya faru a sa'ar farko ta ciniki. Daga nan sai ya ɗauki ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai ya bi giɓin, wato ya sayi zaɓin saye bayan tsallen sama, ko kuma ya yi tsammanin cikewarsa, ya sayi zaɓin sayarwa.

Masu bin giɓi suna da hujja a binciken masana. Ball da Brown (1968), da kuma Bernard da Thomas (1989), sun nuna cewa farashi kan ci gaba da bin ɓangaren da rahoto ya tura shi har tsawon makonni. Su kuwa masu jiran cikewa sun dogara ne da zancen 'yan kasuwa cewa kowane giɓi sai ya cike. Wannan zance bai faɗi yaushe ba. Giɓin Meta bai cike ba sai a watan Yuli 2023, kusan shekara ɗaya da rabi ke nan. Haka kuma hannun jarin Nvidia ya yi tsallen kimanin kashi 24 cikin ɗari ranar 25 ga Mayu, 2023, kuma har ƙarshen 2024 bai koma inda ya taso ba. Kwantiragi mai wa'adin mako ko wata ba ya iya irin wannan jira.

3.4 Matsalar Farashin Zaɓi

A nan ne gizo ke saƙar. Tsarin lissafin da Black da Scholes suka fitar a 1973 ya nuna cewa kuɗin zaɓi ya danganta da girman kai-kawon da ake hasashen farashi zai yi. Da yake kowa ya san ranar rahoto, zaɓi kan yi tsada kafin ranar, sannan tsadar ta zube da zarar labari ya fito.

A ƙaddara hannun jari yana dala 100, an kuma sayi zaɓin saye mai sauran wa'adin kwana biyu a kan dala 6 kowane hannu, wato dala 600 ke nan. Rahoto ya yi kyau, farashi ya buɗe a dala 104. Ainihin darajar zaɓin yanzu dala 4 ce, kuma tun da abin da ake jira ya wuce, mai yiwuwa ba zai sayu sama da dala 4.50 ba. Mai shi ya canki daidai, amma ya yi asarar dala 150. Ba zai ga riba a ranar cikar wa'adi ba sai farashi ya haura dala 106.

Saboda haka ne wasu ke jira sai giɓi ya bayyana, zaɓi ya yi araha, kafin su saya. Duk da haka darajar zaɓin na raguwa kullum yayin da wa'adi ke matsowa. Wasu kuma sukan zama masu sayar da zaɓin ne don su ci moriyar tsadar. Haɗarin waɗannan ya fi girma, domin wanda ya sayar da zaɓin saye ba tare da ya mallaki hannun jarin ba, asararsa ba ta da iyaka idan aka sami tsalle irin na Nvidia.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa zanen farashi na taimakawa wajen hasashen inda farashi zai nufa, amma ba ya nuna nisan tafiyar ko lokacin da za ta ɗauka, alhali a kan waɗannan biyun ne ribar kwantiragin zaɓi ta rataya. Ke nan wajibi ne mai wannan ciniki ya kwatanta tsallen da yake tsammani da wanda aka riga aka sanya cikin kuɗin zaɓin, kuma kada ya zuba abin da ba zai iya jure rasawa ba. Babi na gaba zai dubi hanyoyin taƙaita asara a wannan ciniki.