Yadda Za Mu Kula da Jita

Mun san garaya, mun san molo. Jita 'yar'uwarsu ce, sai dai tsirkiyarta shida, kuma cikinta na katako ne. Wani kafinta na ƙasar Sifen, Antonio de Torres, shi ya gyara siffarta. An haife shi a 1817, ya rasu a 1892. Har yau ana kaɗa waɗansu daga cikin jitocin da ya yi. Me ya sa suka daɗe haka? Kula aka yi da su.

Katakon fuskar jita ba shi da kauri, bai wuce milimita 3 ba. Da gam aka haɗa shi da sauran jikin. In tsirkiyoyin na ƙarfe ne, nauyin da suke ja ya kai wajen kilo 70, dare da rana. Ashe kuwa abu ne mai son lallaɓawa.

Itace ko an sare shi ba ya daina shan danshi. In iska ta jiƙe sai ya kumbura, in ta bushe sai ya tsuke. Da hunturu ƙofofinmu na katako sukan tsage, haka jita ma. Saboda haka da hunturu mu ajiye ta cikin akwatinta. Mu jiƙa soso, mu matse shi sosai, mu sa shi cikin gwangwani mai huji, mu ajiye cikin akwatin. Kada ruwa ya taɓa katakon. In soson ya bushe mu sāke jiƙa shi.

Da damina kuwa sai mu fitar da soson. Mu riƙa buɗe akwatin ya sha iska a inuwa, don kada funfuna ta kama shi.

Zafi yana narkar da gam. Kada mu bar jita a rana, ko kusa da murhu, ko cikin mota a rufe. Kada kuma mu jingina ta da bangon ƙasa, gama gara ba ta da tausayi. Rataye ta ya fi.

Akwai wani shafe mai sheƙi a bayan katakon, shi ne rigarsa. Zufa tana da gishiri, tana cin shafen nan, tana sa tsirkiya tsatsa. In mun gama kiɗa mu share jita da tsumma mai laushi, busasshe. Kada mu shafa mata man gyaɗa ko kananzir.

In jita ta tsufa, fuskarta takan yi ja-ja, shafen kuma ya yi 'yan zane-zane kamar gashi. Wannan ba cuta ba ce, tsufa ne kawai. Kada mu kankare shi, kada mu yi mata fenti, gama fenti mai kauri yana danne murya.

Amma in katakon kansa ya tsage, mu sassauta tsirkiyoyin nan da nan, mu kai ta wurin gwanin gyara. Ƙaramar tsaga ba ta da wuyar liƙewa. In ta yi tsawo, gyaran sai da kuɗi mai yawa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me hunturu ke yi wa katako?
2. Don me ba a shafa wa jita fenti?